Sakhan ɗin Zubairu

Ƙanena Zubairu tun yana yaro bai taɓa ganin abu mai murfi ya ƙyale shi ba. A kambon da aka haife mu, wato zangon 'yan ƙwadago, can cikin Jazira inda iyayenmu suka ƙarar da ƙarfinsu wajen tsinkar audugar mutane, Baba yana da rediyo guda wadda yake ji da ita fiye da mu 'ya'yansa. Wata rana ya tafi gona, Zubairu ya samu wuƙar yankan kuɓewa ya kwance ta tas, ya mayar, ya tashi da 'yan kusoshi a hannu waɗanda bai san mazauninsu ba. Rediyon ta ci gaba da magana, amma sai an kifa ta. Baba ya dawo ya zane shi, sannan ya kifa rediyonsa ya ji labarai. Daga ranar Zubairu ya naɗa kansa mai gyara, kuma duk abin da ya rage masa a hannu bayan aiki sai ya ce dama masu kamfanin ne suka cusa shi don almubazzaranci.

Ni na riga shi zuwa birni, aure ya kai ni Umdurman, inda nake kasa gyaɗa da dakuwa a bakin titi. Shi kuma ya biyo ni a bayan motar albasa, gemu ko tsiro bai yi ba. Ya fara da kumsari, wato yaron mota mai karɓar kuɗi yana kiran fasinja, amma bai daɗe ba, don duk tsayuwar da motar ta yi sai direba ya same shi ya buɗe mata gaba yana leƙe. Da aka sallame shi ya samu tebur a wani lungu na kasuwar Suk al-Arabi, ya jera fankoki da dutsen guga da tocila, ya zauna. Gaskiya hannunsa ya faɗa da aikin, wannan ba zan hana shi ba. Abin da ya hana ni sakat da shi bakinsa ne. Ko jirgin sama ka ce masa ya lalace, ba zai tambayi girmansa ba, zai ce a kawo shi nan. Na yi shekaru ina jiran ranar da zan ji ya ce wani abu ya gagare shi, har na gaji na daina jira.

Ya auri Sakinatu, 'yar kambonmu, yarinya mai sanyin magana wadda gwaggonta Gogo Rabi ta raina tun rasuwar uwarta. Suna zaune a ɗakin haya a unguwar Mayo cikin 'yan uwa lokacin da ta samu ciki. Cikin ya zo mata da kumburin ƙafa da hawan jini, likitocin asibitin Soba suka ce kada ta yi nisa da asibiti, saboda haka maganar zuwa gida goyon ciki ta faɗi. Zubairu ya ga dama ta samu. Ya tattara duk abin da ya tara, ya kama shagga a unguwar Sahafa, irin gidan nan na hawa-hawa, a bene na sama, a gidan wata Haja Sittana, gwauruwa Balarabiya da ke zaune a ƙasa tana lura da duk wanda ya hau da wanda ya sauka. Ba faɗin ɗaki ya ruɗe shi ba, ba kuma tagogi ba. A banɗaki akwai sakhan, farin tankin nan na lantarki mai dafa ruwan wanka, rataye a bango da 'yar jar fitilarsa. Duk baƙon da ya je, banɗaki ake fara kai shi kafin a ba shi wurin zama.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji, aka raɗa masa Abdulganiyu, suna ya fi yaron nauyi. Washegarin haihuwa Gogo Rabi ta sauka daga Jazira da ƙullin kanwa da yaji da garin kunu, da niyya ɗaya tak: a yi suna ta kwashe mai jego da jariri ta tafi da su gida wanka. Kowa ya san Gogo a wannan fanni. Rabin matan kambonmu ita ta gasa su, da tukunyar ƙarfe a kan itace da ganyen darbejiya, safe da yamma har arba'in. Hannunta ya sha auduga da murhu har ya daina jin wuta, shi ya sa ruwan da zai sa wata ihu ita a wurinta bai ko fara ɗumi ba.

Zubairu bai son a tafi masa da su. Ɗan fari ne, kuma ya ga wuyar da aka sha kafin a same shi. In ya dawo daga kasuwa ko takalmi ba ya cirewa sai ya leƙa fuskar yaron. Jin cewa za a ɗauke su zuwa inda sai ya wuni a mota kafin ya gan su ya hana shi cin abinci. Ya zo ya same ni a kan tirena ya ce in je in sa baki. Na ce masa ni ba ni da bakin da zan sa a maganar Gogo, ina son haƙorana. Dole ya je da kansa, ya tsuguna daga bakin ƙofa yadda suruki ke yi, idonsa a ƙasa, ya yi ta bayani cewa duk abin da itace ke yi wa ruwa wannan inji yana yi, har ya fi, ba hayaƙi ba toka.

Gogo ta tashi ta je ta ƙare wa sakhan kallo, ta ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa, ta leƙa ƙarƙashinsa tana neman inda wutar take. Ta dawo ta zauna.

Ta ce, "Na ji. In ruwan nan ya ƙona ni, mu zauna. In bai ƙona ni ba, mota za mu hau, kuma kada ka sake tsuguna mini."

Ranar farko abin ya ba shi kunya. An buɗe famfo mai jan kai, ruwa ya zo salam, irin wanda ake wa jariri tsarki da shi. Gogo ta tara hannu, ta dube shi, ta buɗe ɗaya famfon mai shuɗin kai, na ruwan sanyi, sai ga ruwa yana turiri. Wanda ya zauna a Khartum da bazara ya san wannan: tankin da ke kan rufi rana ce ke dafa shi tun hantsi, har na sanyin ya fi na zafin zafi. Gogo ta ce ashe a birni ma rana ta fi inji aiki, ita kuwa ba a biyanta.

Zubairu ya cire riga. Ya kashe wuta, ya zuƙe ruwan tankin, ya kwance ƙasansa, ya zaro ƙarfen da ke zafafa ruwan. Laka ce ta kogin Nilu ta daskare a jikinsa, ta shekara da shekaru, har ba a ganin ƙarfen. Ya kankare, ya jiƙa shi da ruwan tsami, ya mayar. A wannan karon ma wani ɗan zoben roba ya rage masa a hannu, ya jefa aljihu. Da aka kunna, ruwa ya yi zafi sosai, sai dai yana ɗiga ta ƙasa, a hankali ya ratsa daɓe ya fito a silin ɗin maƙwabcin da ke ƙarƙashinsu. Ya sake kwancewa ya mayar da zoben, yana gunagunin cewa wannan kamfanin kam sun san abin da suke yi.

Da asuba Gogo ta tara hannu, ta janye da sauri. Ta ce to, ba laifi. Zubairu ya tafi kasuwa baki har kunne, ya sayar wa kowa labarin kyauta.

Sai dai wani abu ya tsaya wa Gogo a rai. Ruwan jego da ganye ake dafa shi, ba a kan zuba ganye daga baya kamar shayi ba, ga shi wannan tukunya ba ta da baki. Ta sa Sakinatu ta tambayi mijinta ta ina ruwan yake shiga. Shi kuwa da son a san ya sani, ya ɗauki Gogo har kan rufi, ya buɗe mata murfin babban tanki, ya nuna mata bututun da ke sauka. Abin da bai faɗa mata ba, don bai ga amfanin faɗa ba, shi ne tankin na duk gidan ne. Yana fita ta sauka bakin titi, ta samu bishiyar darbejiya, ta yi mata aski, ta hau da dami guda ta dulmiya a ciki ta rufe.

Kwana biyu ba abin da ya faru, Gogo har tana yabon ƙamshin ruwan. A na uku Haja Sittana ta tara ƙawayenta shan jabana, kofin nan na gargajiya mai citta, aka zuzzuba, kowacce ta kurɓa ta ajiye tana kallon 'yar uwarta. A ranar kuma famfunan gidan suka fara tari suna tofo koren ruwa da guntayen ganye, na Zubairu ya ɗauke gaba ɗaya, don ganyen ya toshe bakin sakhan. Ni ina gidan, na kai musu dakuwa, muka ji Haja tana hawowa tana hutawa a kowane bene tana ƙara wa faɗanta gishiri. Ta iso da kofin a hannu a matsayin shaida. Ta ce ta ba malamai haya, ta ba 'yan kasuwa, ta ba wani mai kiwon tantabaru a baranda, ba wanda ya taɓa mayar mata da gida kantin magani. Ta ce ƙarshen wata ya nemi wani wuri.

Zubairu yana ta ma'alesh, ma'alesh, wato a yi haƙuri, gumi na zuba, sai Gogo ta fito daga ɗaki da jariri a hannu ta ce ita ta zuba, kuma don mai jego ta zuba, in akwai hukunci a yi mata. Larabcin Gogo na gona ne, amma ya isar. Haja ta dubi jaririn, ta leƙa ta ga Sakinatu a kwance, sai faɗan ya sauka. Ta karɓi yaron ta zauna a tabarma. Kafin a jima tsofaffin biyu sun dulmiya cikin hirar yadda ake gyara mai haihuwa, wannan tana ba da labarin ruwan zafi da kunun kanwa, waccan tana ba da na ramin hayaƙi da matansu ke zama a kai. Maganar tashi ta mutu. Amma da Haja za ta sauka ta juyo ta dubi Zubairu ta ce, "Ya waladi, ɗana, mai jego a sama kamar tsuntsuwa? Ka bar ta ta tafi wurin danginta." Ya samu gidansa ya dawo, ya kuma samu abokiyar gaba ta biyu.

Ya wuni a cikin tanki yana kwashe ganye, ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu famfo suna tsaye a kansa. Aka yi sulhu cewa za a riƙa dafa ganyen a ƙaramar tukunya a juye a bokiti. Gogo ta yarda ne kawai, ba don ranta ya so ba.

Daga nan aka shiga matsalar da ta kusa zautar da shi. Wankan safe, ruwa kamar ya sale fata. Wankan yamma, kafin ya dawo daga kasuwa, ruwa salam. Yana shigowa Gogo za ta miƙa masa bokiti ba tare da ta dube shi ba, ya tsoma hannu ya ji gaskiyarta. Ya shiga banɗaki ya tarar da jar fitila tana ci, injin yana aikinsa kamar bai taɓa laifi ba. Ya ce wutar unguwa ce ke rauni da rana, ya auna, lafiya lau. Ya ce ɗan abin da ke auna zafin ne ya tsufa, ya sayo sabo ya sa. Ya canja waya. Ya zargi maƙwabcin ƙasa da ramuwar gayya, ya bi bututu da tocila har ƙasa bai ga komai ba. Wani mai sayar da turare kusa da teburinsa ya ce masa aljanu na son banɗaki, ya kamata a yi hayaƙi. Da na ji ya sayi turaren na san abin ya kai inda ya kai. Na ce masa ya kira sabbak, mai gyaran famfo na gaske, ya dube ni kamar na zagi Baba.

Gogo ta ba shi zuwa Juma'a. Ta fara ninke zannuwa a gabansa, a hankali, tana karkaɗe kowanne.

Ana gobe Juma'ar ya fita da safe, ya kai tasha ya ga ya manta jakar kayan aikinsa, mutumin da bai taɓa mantawa da ita ba. Ya koma. Sauran labarin daga bakinsa na ji, don daga can wurina ya zo. Ya buɗe ƙofa a hankali saboda barcin yaro. Gogo tana kicin tana dama kunu. Makunnin sakhan yana can sama a bangon waje, kusa da ƙofar banɗaki, sai ya ga Sakinatu a tsaye a ƙarƙashinsa, ta yi ɗage, tana miƙa muciya. Ta danna, jar fitilar ta mutu. Ta juyo suka haɗa ido.

Ya ce mini da farko wani sanyi ya ji, don ashe hannunsa bai mutu ba. Sannan ransa ya ɓaci. Ya ja ta ɗaki ya tura ƙofa, ya tambaye ta cikin raɗa ko zafin ruwan ne ba ta iya jurewa, in shi ne ai da ta faɗa. Ta girgiza kai. Ta ce kullum in ya fita take kashewa, in an gama wankan yamma ta kunna. Ta zauna a bakin gado, muciyar tana hannunta har lokacin.

Ta kira shi da sunan ɗansu ta ce, "Abu Abdu, gida nake so. Tun da na haihu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. 'Yan barka sun zo ranar suna sun tafi, halas, shi ke nan, ba wadda za ta sake hawo wannan bene. Ina jin kukan yaron nan ni ma in yi ta kuka, ban san dalili ba."

Ya ce to me ya hana ta faɗa masa.

Ta ce, "Na ga wahalar da ka sha ka kama gidan. Na ga yadda kake nuna wa mutane. Da wane baki zan ce ba na so? Shi injin ba ya jin kunya, sai na bar shi ya faɗa."

Ya zo ya zauna a kan bencina a Umdurman, ya tsallako gada bai ma buɗe teburinsa ba. Na zuba masa gyaɗa bai taɓa ba. Na so in yi dariya, wallahi na so, mutum ya canja rabin kayan inji ya sayi turaren aljanu alhali muciya ce. Amma na ga fuskarsa na haɗiye. Ya ce shi duk tsawon kwanakin nan yana ta sauraron tanki, yana kara kunne a jikinsa, bai taɓa tambayar matar da ake dafa ruwan dominta ba. Ya ce in ya faɗa wa Gogo gaskiya, maganarsa ta fito, ruwa yana ƙuna, sharaɗi ya cika, za su zauna. Sai dai Gogo ba za ta yafe wa Sakinatu ba, za ta ce ta mayar da ita abin wasa a gidan suruki, kuma labarin zai riga su isa kambo. Ya tambaye ni abin da zai yi. Na ce masa ni gyaɗa nake sayarwa.

Ranar Juma'a na je da wuri don kada a ba ni labari. Bayan an sauko daga masallaci ya shigo, ya tsuguna a bakin ƙofa duk da an hana shi. Haja Sittana ma ta hawo, wai ta zo duba yaro. Sakinatu tana ɗaki, ƙofa a buɗe. Zubairu ya yi gyaran murya har sau biyu.

Ya ce, "Gogo, injin nan ya fi ƙarfina. Na yi iya yina, ban iya ba. Ku tafi gida a yi wankan yadda ya kamata."

Gogo ta gyara zama. Ta ce ai tun ranar da ta ƙwanƙwasa shi ta ji cikinsa ba gaskiya. Haja ta ce ita ma dama ta yi mamakin mai gyaran tocila da ya ce zai iya da sakhan, kuma kafin la'asar duk benen ya ji, kafin sati ya zagayo labari ya kai Suk al-Arabi. Maƙwabtan teburinsa suka samu abin yi. Duk wanda ya kawo fanka sai wani ya leƙo ya ce a tambaye shi tukuna ko ba ta fi ƙarfinsa ba. Ya sha wannan har ya gode Allah, bai taɓa buɗe baki ya wanke kansa ba.

Shi ya kai su tasha, ya ɗora kaya, ya riƙe yaron har direba ya yi hon sannan ya miƙa shi ta taga. Da motar ta tashi na juya zan tsokane shi, na ga yana share ido da hular kansa, sai na yi kamar ina gyara mayafi. Ban taɓa jin tausayinsa da ganin girmansa a lokaci guda kamar ranar ba.

Sakinatu ta yi arba'in ɗinta a tsakar gida cikin mata, ta ƙara da wasu kwanaki, ta dawo ta yi ƙiba tana dariya da ƙarfi. Ba su daɗe a Sahafa ba suka koma Mayo, gidan ƙasa mai maƙwabta ta kowane ɓangare. Sun ƙara haihuwa, kuma kowane karo Zubairu da kansa yake saya musu tikitin mota tun ciki bai tsufa ba.

Gogo kuwa ta samu labarin da za ta ci har ƙarshen rayuwarta. Duk taron suna ko biki da muka haɗu a kambo, sai ta jira an natsu ta ɗauko yadda surukinta mai gyaran birni ya tsuguna a gabanta ya ce tukunya ta gagare shi. Kowace shekara tukunyar tana ƙara girma, tsugunon yana ƙara tsawo. Zubairu yana daga waje cikin maza, yana jin matan suna shewa, sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi ya ce haka aka yi. Sakinatu ba ta taɓa zama an kai ƙarshen labarin da ita ba. Takan tashi ta shiga madafa, ta ɗauki kwanon mijinta, ta tsamo masa naman da ya fi kowanne a tukunya.